Jikin Hajja da Sauƙi

Tun kafin gwamnati ta san da zaman Madu, duk mutanen unguwar Hausari ta Maiduguri sun san shi, wasu ma sun so a ce sanin bai kai haka ba. Gyaran rediyo ne sana'arsa, a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba, amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ka kawo masa rediyo tana shan batir, ka tafi da rediyonka gyararriya, haɗe da bayanin yadda za ka zauna lafiya da surukinka. Mai keke ya tsaya tambayar hanya, sai ya ji dalilin da ya sa tayarsa ta baya ba za ta kai sallah ba. Da mutane suka koma jin labarai a waya, rediyo ta yi kwantai, sai Madu ya koma gyaran fanka, shawarar kuwa ko kaɗan ba ta ragu ba.

Gida ɗaya yake zaune da matarsa Aminat da mahaifiyarsa, Hajja Ammatullahi. Shi kaɗai Hajja ta haifa, amma in ka tambaye ta sai ta ce maza biyu gare ta. Na biyun shi ne Mahmud, wani yaron ƙauye da ya zo karatun sakandare ba shi da masauki, ya yi shekaru yana kwana a zaurensu, kwano ɗaya da Madu. Hajja ba ta taɓa kiransa Mahmud ba, Mamudu take cewa. Ita ta ɗinke masa wandon makaranta, ita ta cika shi da burabusko har ya yi kumatu, ita kuma ta ja masa kunne ranar da ya gudu daga aji ya tafi kallon ƙwallo. Mamudu ya wuce jami'a, ya shiga siyasa, ya faɗi zaɓe, ya sake faɗuwa, daga nan sai aka naɗa shi minista.

Ba a jima ba aka karanto sunan Madu a labarai, wai shi ne Mai Ba Minista Shawara na Musamman. Mutanen unguwa suka yi murna ta gaskiya, domin a ganinsu yanzu shawarar za ta koma Abuja su huta. Madu ya rufe shago, ya ɗinka manyan riguna, ya durƙusa gaban Hajja ta sa masa albarka. Abin da ta ce masa kawai shi ne ya tabbatar Mamudu yana cin abinci.

A farkon zuwansa su uku ne masu ba da shawara. Aka ba shi tebur da kujera mai juyawa, ya zauna yana jiran a tambaye shi. Ya tanadi shawara kan wutar lantarki, da farashin wake, da yadda Minista ke karkata hula fiye da kima. Kullum Minista zai wuce ta ƙofar ofishin, ya ɗaga hannu ya ce, "Madu, za mu zauna." Ba su zauna ba.

Daga nan 'yan jam'iyya suka fara ƙorafin an manta da garuruwansu, sai aka shiga naɗa masu ba da shawara kamar ana rabon goro. Aka samu na matasa, da na matasan da suka fara furfura, da na 'yan kasuwa, da na harkokin addu'a, da wani bawan Allah da ba wanda ya san a kan me yake ba da shawara, shi kuma yana jin nauyin tambaya. Kujeru suka yi kaɗan. In ka tashi zuwa banɗaki, ka dawo ka tarar wani mashawarcin ya zauna a kan muƙaminka, sai ka ƙarasa yinin a tsaye.

Don a gyara wannan cunkoso aka kawo Lubna, wata matashiya mai wayoyi biyu da saurin magana, aka ɗora ta a kan dukan masu ba da shawara. Ba muguwa ba ce, tsari kawai take so. Ta duba ta ga Madu ya san kowa a Maiduguri, har da waɗanda ba sa son a san su, sai ta mayar da shi gida a matsayin Mai Ba da Shawara kan Zumunci. Aikin ba shi da wuya. Duk inda ya kamata a ga fuskar Minista, ɗaurin aure ne ko suna ko dubiya ko ta'aziyya, Madu zai sa babbar riga ya je ya ce Minista ne ya aiko shi. Aka haɗa shi da mota da Pindar, wani mutumin Biu mai sanyin hali, wanda shi kuma Mai Ba da Shawara ne kan Hotuna. Dokar ofis ita ce, ziyarar da ba a ɗauki hotonta ba, ba a yi ta ba. Da yamma sai hoton ya fito a kafofin sada zumunta, ga Madu ya miƙa hannu, a ƙasa an rubuta cewa Minista ya kai ziyara.

Madu ya ji daɗin aikin, ba ƙarya. Ya ci shinkafar biki har ya gane hannun kowace mai girki a unguwar Jiddari Polo, ya yi addu'a ga mamatan da bai taɓa gani ba har da ƙwalla. Abu ɗaya ne ke ci masa rai, wato a duk faɗin ƙasar nan wuri ɗaya ne ba a taɓa jin shawararsa ba, kuma nan ne ake biyansa don ya ba da ita.

Da zafin bara ya kama gadan-gadan, sai Hajja ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, abinci ya daina zama a cikinta. Aka kai ta asibiti, likita ya ja Madu gefe ya ce a mayar da ita gida, duk abin da take so a yi mata. Madu ya tambaye ta me take so, yana tsammanin za ta ce kunun gyaɗa.

"Mamudu nake so," in ji ta. "Ka kawo min shi in ga fuskarsa."

Madu ya ce wannan ai mai sauƙi ne. A ransa ya ce ga ta nan, shawara ta farko da zai ba Minista, kuma ko ita kaɗai ya bayar ya ci albashinsa da halal: ka zo ka ga Hajja tun tana gane mutane.

Ya kira lambar Minista, sai wani ya ɗauka ya ce shi ne Mai Ba da Shawara kan Wayar Minista, kuma duk saƙo sai ya bi ta hannun Lubna. Ya kira Lubna ya yi mata bayani. Ta jajanta masa sosai, sannan ta ce, "Baba, wane launi zan sa wa maganar? Yanzu saƙo ba ya shiga wurin Minista sai da launi. Akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, akwai kore."

"Mene ne ja?"

"Ja shi ne rasuwa, ko wanda ake jin ba zai tashi ba, ko gobara, ko in jam'iyya ta dare biyu. Shi ne kawai Minista ke gani da kansa."

Hajja na ɗaki tana numfashi, Madu na jin tarinta daga inda yake tsaye. Wane ɗa ne zai buɗe baki ya ce uwarsa ba za ta tashi ba, alhali rai na hannun Allah? Ya ji kamar in ya furta, shi ne ya kira mata. Ya ce a sa ruwan ɗorawa.

Lubna mai bin diddigi ce, don haka ta kira gidan domin ta tabbatar. Aminat ce ta ɗauka, tana riƙe da robar da Hajja ta gama amai a ciki. Lubna ta ce, "Ya jikin Hajja?" Aminat ta amsa yadda duk mai tarbiyya zai amsa, ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillah." Nan take maganar ta koma kore. Ƙa'idar kore ita ce wakili ya wadatar, wakilin Minista a Maiduguri kuwa mutum ɗaya ne.

Washegari saƙo ya shigo wayar Madu, ana umartarsa ya je dubiya gidan wata dattijuwa, Hajja Ammatullahi, a Hausari, har an yi masa kwatancen gidan. Ya kira Lubna ya ce gidansa ne. Ta ce to ai an huta da kuɗin mai. Pindar, wanda ke kiransa Ba Madu don girmamawa, ya iso da mota, ya ce, "Ba Madu, hoton ba zai yi kyau ba in ba a ga kana sauka daga mota ba." Madu ya sa babbar riga, ya fita ta ƙofar gidansa, ya taka zuwa kan kwana, ya shiga mota, aka tuƙo shi aka dawo da shi ƙofar gidansa. Maƙwabta da ke zaune a gindin dogonyaro suka miƙe suka gaishe shi, domin mota ta gwamnati ce. Ya yi sallama a zaurensu, Aminat ta amsa ta ce a shigo.

Hajja na kwance a kan katifa, ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Madu ya durƙusa ya gyara murya.

"Hajja, Mai Girma Minista ne ya aiko ni in duba jikinki."

Ta buɗe ido ta dube shi tun daga hula har ƙasa. "Wushe, baƙo," in ji ta, tana yi masa sannu da Barbarci. "Kai kuwa kana kama da wani yaro da na aika sayen magani tun safe."

"Maganin na aljihuna, Hajja. Minista ya ce yana yi miki addu'a."

"Madalla. In ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, lokacin da yake jin yunwa da ƙafarsa yake zuwa. Ban taɓa zuba wa wakili burabusko ba."

Pindar ya ɗauki hoto kansa a sunkuye. Da yamma aka ga Minista ya duba Hajja Ammatullahi, ya kuma same ta tana samun sauƙi. Mutane da yawa suka yaba masa da bai manta mafari ba.

Tun da ziyarar ta samu yabo, sai ofis ya ce a riƙa maimaitawa. Madu ya yi ta fita daga gidansa yana dawowa gidansa, Hajja na ƙara ƙanƙancewa a cikin hotuna, rubutun ƙasa kuma bai canja ba. Tun tana tsokanarsa har ta daina. Daga baya in ya yi sallamar wakilci sai ta ɗaga kai ta duba bayansa, ko akwai wani, sannan ta mayar da kai kan filo. Wannan dubawar ita ta fi yi wa Madu ciwo. Ya sha ɗaukar waya zai ce wa Lubna ta mayar da maganar ja, sai bakinsa ya yi nauyi ya ajiye.

Ana cikin haka aka sanar cewa Minista zai zo buɗe rijiyar burtsatse a ƙauyen Dusuman, daga filin jirgi zuwa can, daga can zuwa filin jirgi. Madu ya ga dama ta samu. Ya tsara maganarsa gajera, ba launi ba Lubna: Mamudu, Hajja tafiya za ta yi, ka zo yau. Ya yi ta bitar ta a banɗaki, da kan hanyar masallaci, da gaban madubi, har ta daina ba shi tsoro. Hajja da ta ji labarin zuwan ta sa Aminat ta turara burabusko, ta sa aka ɗaura mata sabon ɗankwali, aka jingina ta da bango tana fuskantar ƙofa.

A Dusuman rana ta take, jama'a sun cika, masu ba da shawara sun fi mutanen gari yawa. Aka yi jawabai, aka yanke kyalle, Minista ya murɗa famfo, ruwa ya zo bayan ɗan jinkirin da ya sa injiniya karanta duk addu'ar da ya sani. Sai aka yi wajen motoci. Madu ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya kutsa, ya ture Mai Ba da Shawara kan Matasa, ya taka ƙafar na addu'a, ya isa jikin baƙar mota daidai tana shirin tashi. Ya buga gilashi da tafin hannu. Wani ɗan sanda ya cafki wuyan rigarsa, sai gilashin ya sauka.

Fuskar Mamudu ce, ta yi ƙiba, amma ita ce. Ya yi murmushi irin na zaure, ya miƙo hannu ya kama na Madu ya riƙe gam.

"Madu ɗan'uwana. Ya jikin Hajja?"

Madu ya buɗe baki. Maganar na nan a kan harshensa, ya jera ta tsaf. Amma tun yana yaro, in aka ce masa ya jiki, amsa ɗaya ce, ita ya ji a bakin uwarsa da kakarsa da duk wanda ya taɓa kwanciya a Hausari, kuma ita ta riga fita.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdulillah."

"Madalla, madalla. Ai ina ganin hotuna, an ce ina zuwa a kai a kai." Minista ya yi dariya. "Ka ce mata zuwa na gaba sai na ci burabuskonta. Za mu zauna, Madu."

Gilashi ya hau, jiniya ta tashi. Madu ya bi motar da ɗan gudu yana cewa, "Mamudu, tsaya," amma ganguna sun fi shi murya, kuma ba wanda ya san wani Mamudu a cikin ayarin. Ya tsaya a tsakiyar hanya riga na jan ƙasa. Bai taɓa jin haushin kowa ba kamar yadda ya ji haushin bakinsa a ranar, bakin da ya yi shekaru yana magana ba a tambaye shi ba.

Da ya koma gida ya tarar Hajja na nan a jingine, ɗankwalin ya zame gefe. Ta duba bayansa, sannan ta dube shi.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Hajja."

"Yana cin abinci?"

"Ya yi ƙiba."

"To alhamdulillah," in ji ta. Ta ce Aminat ta kwantar da ita, a ba yaran maƙwabta burabuskon kada ya lalace.

Ba ta ƙara tambayar Mamudu ba. Wata safiya bayan an dawo daga sallar asuba Aminat ta shiga da kunu ta tarar Hajja ta cika. Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin azahar. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, Madu ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa, tun da shi ne mai rashi, ba wani.

Da la'asar saƙo ya shigo wayarsa, wannan karon ja ne. An rubuta cewa Minista ya kaɗu da rasuwar Hajja Ammatullahi, kuma kafin a tsara tafiyarsa, wakilinsa ya gaggauta zuwa ya yi wa iyalan ta'aziyya, musamman ɗanta, Malam Madu. Pindar ya iso ba tare da mota ba, ya tsuguna kusa da shi ya yi masa gaisuwa, ya ce a hankali, "Ba Madu, ka bar shi. Zan ce kyamara ta lalace."

"A'a," in ji Madu. "Ta jira mutumin nan da yawa. Bari ya zo."

Ya shiga gida ya sa babbar riga da hula, ya fito ya wuce ta gaban masu zaman makoki, ya taka zuwa kan kwana, ya juyo. Ya yi sallama, jama'a suka amsa, domin sallama ba a ƙin amsa ta. Ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa yana fuskantar gurbin da ya tashi, inda ba kowa sai carbinsa da shatin zamansa a kan darduma. Ya ce Mai Girma Minista ne ya aiko shi. Ya ce Minista ya ce marigayiya uwa ce a gare shi, ita ta ciyar da shi lokacin da ba shi da kowa. Ya ɗaga hannu ya roƙa mata gafara, dattawan unguwa suka ɗaga nasu suna cewa amin, wasu na kallon ƙasa, wani tsoho na goge ido da bakin rawani. Da aka shafa, Madu ya ce wa gurbin, "Ya haƙuri?" Ya jira kaɗan, ba wanda ya amsa. Pindar bai ɗaga kyamara ba.

Yana nan durƙushe wayarsa ta yi ƙara. Lambar Minista ce, kuma muryar Minista ce, ba ta mai riƙe masa waya ba.

"Madu, yanzu aka kawo min labarin. Ka ce min da sauƙi, Madu."

"Haka ake cewa, ranka ya daɗe."

Madu na jin mutumin yana jan hanci, yana kuma jin wasu muryoyi a bayansa suna maganar taron gobe da jirgin da ba a samu ba. Kukan na gaskiya ne, Madu ya san kukan Mamudu tun na ranar jan kunne.

"Na rasa abin yi," in ji Minista. "Waɗannan sun ce in bari sai sadakar uku, waɗancan sun ce in aiko da shinkafa. Kai ne mai ba ni shawara, Madu. Gaya min. In taso yanzu?"

Madu ya dubi ƙofar gida, inda labulen ɗakin Hajja ke nan a ɗage tun safe. Ya yi shekaru yana jiran wannan tambaya, yau ga ta, ba kuma abin da za ta gyara.

"Ai ka zo, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ka yi addu'a mai kyau, kowa ya ce amin. Yanzu ma kake shirin tashi. Mun gode, Allah ya ba da lada."

Ya kashe wayar, ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Pindar. Ya koma gurbinsa ya zauna, ya ɗauki carbinsa, sai a lokacin kuka ya zo masa, mutanen unguwa suka matso kusa da shi.